Ciyawa Ba Ta San Yajin Aiki Ba

Saura kwana tara baƙi su sauka.
An shafe gefen titi da farin fenti
tun daga Ƙofar Ƙaura har bakin fili,
tutocin ƙasashe goma sha biyu a kan turaku,
wasu ko sunansu ban iya faɗa ba.
Rediyo na ta cewa: ranarku ce, Katsinawa.

Ni ne Sallau, mai ba filin ƙwallo ruwa.
Shekara goma sha ɗaya ina jan tiyo.
Na san inda ƙasar ke da haɗama,
na san kusurwar da gara ke laɓewa,
na san gaban raga,
inda ƙafar gola ke ƙwaƙule ciyawa.

Wata bakwai babu albashi.
Mai shago ya daina kallon fuskata,
littafin bashi yake kallo.
Dije ta sayar da tunkiyarta mai ciki
ranar da aka sauke kujerun fata daga Legas
don manyan baƙi su zauna a inuwa.

Rabe kafinta, shugaban ƙungiya,
ya hau benci, hula a ƙeya:
"Mun kai takarda, an ce mu yi haƙuri.
Mun koma, an ce ana ganawa.
To yau duniya ta juyo da wuyanta,
ranar wanka ba a ɓoyon cibi,
a ajiye tsintsiya, a ajiye guduma."
Na ɗaga hannu. Muka sa wa ƙofa kwaɗo,
muka zauna gindin bedi, mu da yunwa.

Sai ga wani daga ofis, riga na ƙamshi:
"Haba jama'a, ƙasa za ku kunyata?"
Na dubi hannuna.
Ƙasa ai ga ta nan a ƙarƙashin farcena,
ni da ita kullum muke gaisawa.

Amma a gida akwai Mannir.
An zaɓe shi cikin yara masu tsinto ƙwallo,
an ba shi riga kore da fari,
da ita yake kwana.
Ya haddace taken ƙasa har baiti na biyu.
"Baba, da gaske za a mayar da wasan wani gari?"
Na ce ci tuwonka.
Lomar da ke hannuna ta ƙi wucewa.

Kwana huɗu, ga zafin bazara.
Ta ramin ƙofa nake leƙe,
tsakiyar fili ta fara ja kamar gashin akuya.
Wanda ya raini abu tun yana tsiro
ba ya iya zaman kallon mutuwa.

Ƙarfe biyun dare na haura katanga,
ta wajen tankin, inda bulo ya zube,
zuciyata na duka kamar ta ɓarawo.
Kafin in kai famfo na ji ƙarar ruwa.

Mutum ne tsaye a gaban ragar gabas,
wando a naɗe, hula a ƙeya,
tiyo a hannu.
Bai ce Sallau ba, ban ce Rabe ba.
Ya miƙo mini ɗaya bakin.
Sai da aka yi kiran assalatu ya buɗe baki:
"Da masu biro muke faɗa,
ba da ciyawa ba."
Ya haura. Na jira ya yi nisa, na bi sawu.

Da hantsi muna gindin bedi,
kwali a hannu: A BIYA MU HAƘƘINMU.
Shi ke ba da waƙa, mu ke amsawa.
Ba wanda ya tambayi dalilin
da bakin wandonsa da nawa ke da laka
a garin da ya yi wata shida ba ruwan sama.

Saura kwana huɗu.
Wayata shiru, banki bai yi motsi ba.
An ce kwamiti na nan tafe da La'asar,
jiya ma haka aka ce.
Kwaɗo na nan a ƙofa, ba mu cire ba.
Mannir ya wanke rigarsa ya shanya,
bayan katanga kuma
fili na ta yin kore, bai gaya wa kowa ba.