Mai Wankin Rigunan Ƙoshiya

Ni ban taɓa jefa ƙwallo a raga ba.
Ku duba hoton da ke bangon ofis,
layin baya, can gefe, rabin fuska:
hannun da ke riƙe da bokiti, nawa ne.

Shekara arba'in da ɗaya ina wanke wa kulob ɗin nan.
Abin da sabulu ya kasa fitarwa
shi zan ba ku labari.

A Kakuri aka haife mu, bayan katangar masaƙa,
lokacin da jiniya ke sallamar 'yan aikin dare.
Mutum goma sha huɗu, da auduga a gashin kansu,
suka auna fili da taku tsakanin layin dogo da kwata.
Ayuba Makera, mai gyaran injin saƙa,
ya ce a kira ta Ƙoshiya:
ta je, ta dawo, ba ta gajiya,
kafin ka ankara ta saƙa maka zane.

Rigarmu ta farko ragowar yadi ce da aka ƙi saya,
shuɗi mai zuba.
Ranar da ruwa ya tsare mu a Zariya
yara suka fito kamar an tsamo su daga marina,
amma da ci biyu da nema.
Har yau in aka ce shuɗi ya zuba
baƙi sun san su fara neman motarsu.

Rigar Shekari mai tsaron gida ta fi ba ni wuya,
laka har wuya, ciyawa a gwiwar hannu.
Wasa goma sha ɗaya a jere ragarsa ba ta motsa ba.
Ta Tanimu Allura kuwa, lamba tara,
gumi kawai nake ɗaurayewa,
wa ya kamo shi balle ya kayar?

Shekarar da muka ɗauko kofi daga Ikko
jirgin ƙasa ya iso da asuba,
muka tarar gari bai kwanta ba.
Mai shayin tasha ya rantse ranar ba ya karɓar kuɗi.
Ayuba ya miƙo min kofin, ya ce, Mamuda, goge.
Na goge.
Na ga fuskata a ciki, cikakkiya.

Sau biyu muka ƙara ɗauko shi.
A na uku har jirgin sama muka hau,
ni da bokitina.

Sai jiniya ta yi shiru.
Aka garƙame masaƙa, ciyawa ta haye ƙofa,
wata tara ba albashi,
muka gangara rukunin ƙasa kamar guga mai tsinkakkiyar igiya.
Matan kasuwa ne suka ɗebo daga adashinsu
suka sayi takalma ƙafa goma sha takwas.

A shekarar da kogi ya raba gari biyu,
da gada ta koma iyaka,
Shekari ya kwana tara a ɗakin Tanimu a Tudun Wada.
Ba a buga wannan a jarida ba.
Ni dai na shanya ɗaya da tara a igiya guda,
iska tana haɗa hannayensu.

Kaka huɗu muka yi kafin mu hauro.
Yanzu akwai bas mai sunanmu a jiki,
akwai yaronmu da ake kallo a gidan kallo yana buga wa Turawa,
jikan wata da ta zuba adashin takalma.

Ayuba ya riga mu. Shekari ya bi shi bara.
Tanimu na Panteka yana sayar da ƙarafa,
yana ɗingishi da ƙafar da ta ci ɗari da shida.

Sun sayo injin wanki, sun ce in huta.
To, na ji.
Amma lamba ɗaya ba ta shiga inji.
Gobe akwai wasa ƙarfe huɗu,
yaron da ke sa ta yanzu ma ba ya tsoron laka.
Miƙo min sabulun nan.