Matakala Ɗari da Arba'in da Biyu

Daga gidana zuwa kasuwar kifi ta Busan
matakala ɗari da arba'in da biyu ne.
Ban taɓa ƙirga su ba
sai da gwiwa ta fara ƙirga mini.

Shekara talatin da takwas ina sauka da daro a ka,
ina hawa da ƙarnin teku a hannun riga.
Yanzu in na miƙe, ƙashi ke gaida ƙashi
kamar ƙyauren da tsatsa ta ci.
Likita ya ɗaga hoton gaban fitila:
"Nan guringuntsi yake a da."
A da. Sai ka ce kangon gidanmu yake nuna mini.

'Yata Hyang-mi ce ta zo da labarin allurar.
Wai cikin ɓargo akwai ƙwayoyi
da ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba.
Na ce, a jikin 'yar saba'in da ɗaya?
Ni da na ɗauka komai nawa ya gama zama.

Suka huda ƙuguna, suka zuƙo,
inji ya juya shi har ya rabu
yadda mai ke tasowa kan romo,
suka mayar mini da abina ta wata ƙofa.
Kuɗin kuwa, cinikin ƙaguwa na wata shida.
Hyang-mi ta sa hannu kafin in karanta.

Na ce wa likita: "Zai tsiro?"
Ya cire tabarau, ya goge.
"Wasu, zafin kan ragu. Wasu, shiru.
Tsiro kam, ban yi alkawari ba."
Nan ya shiga raina.
Mai tallar kifi ta san
wanda ke yayyafa wa kayan jiya ruwa.

Maƙwabciyata Bok-rye an yi mata bara,
har yau sanda ce abokiyar tafiyarta.
Tsoho Man-su ya rantse har dutse ya hau,
amma shi tun yana saurayi
kifinsa ya fi kwalekwalensa tsawo.

Yau wata huɗu.
Da asuba na sauka goma sha tara, na zauna,
jiragen ruwa na kuka can ƙasa.
Ko allura ce, ko hutu,
ko kunyar kuɗin yarinya,
ban sani ba.

Na dafa gwiwar, na ce:
ku 'yan mitsi-mitsin da ke ciki,
in har yanzu shawara kuke,
ban matsa muku ba.
Sai dai kasuwa ƙarfe biyar take ci.