Ƙarƙashin Ɗakin Inna

Gidanmu na Aboabo bai taɓa ƙasa ba.
Baba ya ɗora shi bisa ginshiƙai tara
da kuɗin goron shekara uku,
ya shimfiɗa katakon odum,
ya bar fili kamu biyu a ƙasa,
inda kaza kan shiga a tsaye,
mutum kuwa sai da rub da ciki.

Bana dardumar Inna ta soma wari.
Ta ce tsufa ne kawai.
Amma na ga fumfuna a gindin akwatinta,
gishiri ya narke a kwano,
katako yana lotsawa ƙarƙashin diddigena
kamar gurasar da ta sha romo.

Na kira Akwasi Frimpong magini.
Ya leƙa, bai shiga ba.
"Siminti buhu goma sha takwas,
a rufe bakin ƙasar baki ɗaya."
Na ce wa zai ja kwanon kankare yana kwance?
Ya yi dariya, ya ƙara sidi ɗari biyar.

Tanimu kafinta ya girgiza kai:
"Ƙasa numfashi take yi.
Huda tagogi huɗu, iska ta ratsa."
Na ce, Tanimu, iskar Kumasi a watan Yuni
ita ma a jiƙe take zuwa.
Ya ce to, shi dai katako ya sani.

A Kejetia wata dattijuwa ta warware mini leda iri biyu.
Ɗaya kamar ɓawon albasa, rana na ratsa ta.
Ɗaya baƙa, mai kauri, mai tsada.
Ta miƙo mini gefe: "Ja."
Na ja, farcena ya karye.
Araha ba ta ado, na sani,
amma na tafi ban saya ba,
don har lokacin ban ga abin da zan rufe ba.

Ranar Asabar na tuɓe riga,
na ciji tocila, na shiga.
Sanyi ya rungume ƙirjina.
Yanar gizo a baki, taɓo a gwiwar hannu,
hanyar gara ta hau ginshiƙi na biyar
siririya kamar jijiyar hannun tsoho.
Bisa kaina ina jin takun Inna,
daga gado zuwa buta, daga buta zuwa gado.

Can ƙurya na tarar da takalmina na dama,
wanda na sha bulala a kansa ina ɗan bakwai.
Kusa da shi, wata 'yar hanya mai sheƙi
ta shigo ta gabas, ta kwanta a tsakiya.
Na bi ta da ciki har bango.
Indararon Alhaji Goje ne,
tun da ya ƙara bene, nan yake zuba.
Ruwa ba ya tsami banza.

Sai da na sha shayi sau biyu a zaurensa
kafin ya yarda a juya indararon.
Na haƙa lambatu, na zuba tsakuwa,
na koma wurin dattijuwar, na biya baƙar.
Muka shimfiɗa ta ni da Tanimu,
baki bisa baki, taƙi guda,
muka naɗe ta a ƙugun kowane ginshiƙi,
muka danne da bulo.
Taga biyu kawai na bar masa, da raga saboda ɓeraye.
Har yau yana cewa huɗu ya kamata.

Daren jiya sama ta kece har asuba.
Na ɗora tafin hannu kan katako, na jira.
Ban ji komai ba, ko kuwa ban sani ba tukuna,
damina ɗaya ba ta ba da shaida.

Na kai wa Inna takalmin, na wanke shi.
Ta juya shi, ta sake juyawa.
Ta ce, "Na hagun na ajiye shekara biyu,
sannan na ba mai gwangwan."
Ta shimfiɗa dardumarta, ta tayar da salla.