Gwangwani Na Ƙarshe

Da asuba cokali ya taɓa gindin gwangwani,
ƙara irin ta tukunyar da aka gama kankare ƙanzonta.
Habi ta dube ni, ni na dubi rufin kwano.
Ruwan Agege na dukansa tun jiya, bai gaji ba.

Wata goma sha huɗu muna ciyar da gwangwani,
shi kuma yana ciyar da Rahinatu,
tun zazzaɓin da ya kwantar da uwarta a Ikeja
ya tashi ya tafi da ruwan nononta.
Cokali a shafe, ruwa daidai layi,
na haddace awon ko cikin magagi.
Kuɗinsa kuwa ya fi yarinyar saurin girma.

Abin dariya, ni da nake yini cikin shanu!
A Oko-Oba nake sauke su daga tirela,
bunaji da rahaji, ƙafafu a sage,
kwana biyu a tsaye suna kallon kwalta.
Babu wadda ta zo Legas don a tatse ta.
Nan wuƙa ake wasawa, ba a wankin ƙwarya.

Sista Bisola ta ɗora ta a sikeli, ta ce:
ta wuce shekara, cikinta ya yi ƙwari.
Ku tafasa, ku bari ta huce, ku gauraya kaɗan-kaɗan,
kada ku yi mata juyin mulki a dare ɗaya.

Sai na nemo Daso, mai zuwa daga rugar bayan Ota
Talata da Juma'a, da jarka a matse cikin danfo.
Ta auna mini a gorar roba, ta ce,
ta Wule ce wannan, ba ta san ruwan famfo ba.

Ran farko, kashi ɗaya cikin huɗu.
Rahinatu ta kurɓa. Ta tsaya.
Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya
kamar alƙalin da ya gano shaidar zur,
ta fesa wa uwarta a zani,
ta yi jifa da kofin, ya gangara har ƙofar Iya Tope.

Iya Tope ta leƙo: ku sa mata sukari mana!
Habi ta ce sista ta hana.
Tsohuwata a waya daga Dukku, murya na yankewa:
Jikar makiyaya ta ƙi nonon saniya?
Me kuka mai da ita a Ikkon nan?

Ran uku aka ɗauke wuta.
Firjin aro ya yi gumi, madara ta kwana ta yi tsami,
na shanye da garin rogo, don kada asara ta yi dariya.
Da dare Habi na binciken kunzugu da tocilan,
tana shafa bayan yarinya ko ƙurji ya fito.
Babu. Rabi da rabi. Sannan uku cikin huɗu,
ana sha ana harara.

Yau ba abin da za a gauraya.
Habi ta zuba zallarta a kofinta na shayi,
ta juya baya, tana kurɓa tana lumshe ido,
kamar mai ɓoye wani abu mai daɗi.
Sai ga ƙafafu biyu, dagwai-dagwai a siminti,
sai hannu ya kama zani: Ba-ni!
An hana ta sau ɗaya. An hana ta sau biyu.
Na uku ta ƙwace da hannu bibbiyu,
ba ta sauke ba sai da ta ga gindin kofi.
Ta ɗago da farin gashin baki, sak kakanta.

Gwangwanayen baya duk sun sami aiki:
na maɓallai, na allura, na canjin danfo.
Wannan na ƙarshe na tara shi inda rufi ke yoyo,
yana ƙirga ɗigo, tal, tal.

A wurin aiki wata tsohuwar saniya ta sauko,
hantsarta a yamutse kamar jakar da aka zazzage.
Na dafa wuyanta fiye da yadda aiki ya buƙata,
har dillali ya daka mini tsawa.