Sandar Awon Laka

Kowace asuba, da ladan ya yi shiru,
nakan shiga ruwa har gwiwa
in duba sandar da Injiniya Handoyo ya kafa.
Jiya laka ta hau yatsa biyu.
Yau ta sauka uku.
Na rubuta, tunda rubutawa aka sa ni.

Sunana Sarminah. Nan gaɓar tsibirin Jawa ce,
inda gonar shinkafar babana
ta koma kududdufin jatan lande,
daga nan ta koma teku kawai.
Sau uku muna ɗaga daɓen masallaci,
yanzu dogo sai ya sunkuya a ƙofa.
Liman ya ce ladabi ne ya biyo mu har gida.

Shekarar da aka gina katangar siminti
mun yanka akuya, har da 'yan jarida.
Ruwa bai yi gardama ba.
Ya bi ta gefe, ya je ƙauyen surukaina,
ya lashe layi biyu na gidaje
da maƙabarta.
Har yau ba ma haɗa ido a kasuwar kifi.

Sai aka ce a kafa shingen gora,
ya tare laka, ya bar ruwa ya wuce.
Wata bakwai tana taruwa, har tsiro ya leƙo.
Dare ɗaya iskar yamma ta zo karɓar bashinta.

An ce a birni akwai ɗaki mai sanyi
inda teku ke zaune cikin kwamfuta,
yana tashi in an ce masa tashi.
Can ake son amsa kafin a rufe kasafin kuɗi.

Handoyo ya zo da taswira a hammata,
ya zauna a dokin ƙofata, takalmi a hannu.
Na ce, ina lakar da kogi ke kawo mana a da?
Ya ce tana kwance bayan madatsa a kan tudu,
wata ma'aikata ce ke da ita, ba tasu ba.
Na ce, to me za ka sa a takarda?
Ya daɗe yana kallon ruwa.
"A gwada kaɗan, a duba, a gyara.
Sai dai ba a cin zaɓe da wataƙila."

Na zuba masa shayi.
Ƙaguwa ta ratsa tsakar ɗaki ba sallama.

Gobe ma zan duba sandar.
Jikata Wulan ta ce lallai in tashe ta:
ita da fitila,
ni da biro.