Matakala Tamanin da Bakwai

Matakala tamanin da bakwai ne
daga ƙofata zuwa shagon burodin Eliodora.
Shekara hamsin ban taɓa ƙirga su ba.
Buhun alkama nake sungumar wa jirage a tashar Valparaíso,
ƙafata ba ta taɓa neman shawarata ba.

Sai wata Talata, a banɗaki,
'yar shimfiɗar roba ta kwashe ni.
Na raba dare kwance kan tayil mai sanyi,
ina jin kukan jiragen ruwa,
ina kiran matar da ta shekara shida a ƙasa.
Ƙashi bai karye ba.
Abin da ya karye, hoton asibiti bai nuna shi ba.

Wata huɗu ina kallon teku ta taga.
Wanda maciji ya sara, tsumma ma abin gudu ne.
Kujera ta zama garina,
gwiwa ta saki, cinya ta zube.
Ashe zama ke cin ƙafa, ba tafiya ba.

Jikata Javiera ta zo da abin huda bango.
Ta kafa ƙarfen dafawa a wurin wanka,
ta naɗe kafet ta cilla bisa kabad,
ta sa ƙwan fitila mai kwana ido biyu.
Silifas ɗina na shekara tara ta ba kare.
Kwana biyu ban amsa gaisuwarta ba.

Sai ga Nibaldo, yaron asibiti mai koyar da gaɓoɓi:
"Tashi, kada ka dafa. Zauna. Tashi."
Sau goma. Ni da na ɗauki buhu!
Diddige gaban yatsa, ina bin layin katako
kamar mai koyon tatata.
Aka sake mini gilashi,
likita ya rage ƙwayar barcin da ke juya mini ɗaki.

Yau da hantsi na sauka,
hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a sanda.
Na huta a ta talatin, inda kyanwa ke shan rana.
Tsoron ya biyo ni. Ban kore shi ba,
na dai ce ya bi bayana, ya kama bakinsa.

Eliodora ta ɗago kai daga sikeli:
"Don Heriberto! Na zaci ka koma Santiago."
Na ce, ba ni biyu, masu zafi.

Hawa kuwa, wannan wani zance ne.
Burodin ya huce kafin in kai ƙofa.
Haka na ci shi, a tsaye.