Tafinta

Shekara goma sha ɗaya manhajar nan na riƙe da asirin Alhaji Ɗantsoho:
buhun albasa daga Aliyero, kuɗin 'yan dako, la'adar dillali,
duk ta ƙulle, kamar tsohuwa da bakin zanenta.
Windos kaɗai ta sani. Can aka yanke mata cibi.

Ran Talata allo ya yi shuɗi, kwamfuta ta mutu ido buɗe,
ruwa na dukan kwanon rumfa a Mil Tuwal.
Na rungume ta a leda, na hau danfo har Ikeja,
na kutsa Otigba, inda kowa ke jan rigarka yana ce maka oga.
Ifedayo ta leƙa cikinta ta ce,
"Injin ya tsufa, sabon Windos ya fi ƙarfin wuyansa.
Linos zan sa."
Na ce manhajar fa?
Ta ce, "Akwai tafinta, sunansa Wayin."

Alhaji ya ajiye carbi.
"Giya? A cikin lissafina?"
Sai da na rantse suna ne kawai, ba kwalba, ba wari,
ɗan aike ne tsakanin gida biyu da ba sa jin juna.
Ya ce, "To, ku dai yi bisimilla."

Ta buɗe, a ɗarare, kamar mai taka gadar katako da damina.
Ga Iya Risikatu, buhu bakwai, ba ta biya ba.
Amma haruffa sun rame kamar sun tashi daga jinya,
alamar naira ta koma ɗan akwati fanko,
injin rasit ya yi gum.

Ban ga laifinta ba.
Ni ma tirela ce ta sauke ni a Ikko bisa buhuna,
ba Yarabanci, ba Buroka,
ina ciniki da yatsu,
wani ɗan Agege na juya mini magana,
rabi ya isa, rabi ya zube a hanya.

Kwana biyu Ifedayo na lallashi a baƙin allo.
Ran Juma'a rasit ya fito, da ɗuminsa kamar burodi.
Akwatin dai na nan gaban kowace lamba.
Alhaji ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.
"Ku bar shi," in ji shi.
"Iya Risikatu ta san ba dala nake bin ta ba."